Ƙofa ta Goma Sha Ɗaya

Gida goma sha ɗaya muke shiga ranar Sallah a danginmu. Ana farawa daga gidan Baba Ɗanladi a Gwammaja, a bi ta kan Gwaggo Asabe, sai Kawu Sale, haka dai kowa da gurbinsa, a ƙare a gidan mahaifiyata, Inna, a Yakasai, inda ake zama a ci tuwo. Yaron da ya kai shekara bakwai bai san wannan jeri ba, bai san wanda ake durƙusa wa da wanda ake tsokana ba, baƙo ne a wurinmu ko da sunan gidan yake amsawa.

Da na samu takardar zama a Guangzhou na ce zan ɗauko matata Hadiza, wadda 'yar Kawu Sale ce, da 'yarmu, Inna ba ta hana ba. Yarinyar sunan Inna ta ci, shi ya sa muke kiranta Ummi. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini.

"Nasiru, za ka tafi mini da takwara tana rarrafe. Tana cika shekara bakwai ka dawo da ita, kuma kada ka kawo mini baƙuwa. In ta tsaya a ƙofata tana kallona kamar ta ga mai tallan gawayi, to ni da kai ne."

Na ce an gama. Ni a lokacin duk abin da aka ce mini in kawo, gani nake oda ce: a faɗi iri, a faɗi rana, in kawo.

Amma sai na koma baya kaɗan, don a san yadda aka yi ɗan Kantin Kwari ya san garin 'yan fim.

Zuwana na farko ni kaɗai ne, kayan yara na je saro. Sati biyu ina zagaya kasuwar Canaan da kasuwannin unguwar Liwan, ina taɓa yadi, ina jan ɗinki, ina jin "meyo, meyo", wato babu. Sai na haɗu da wani mai fara'a da ya ce me zai sa in saya a hannun 'yan tsakiya alhali yana da masana'anta. Ya ɗauke ni a mota mai sanyi, muka yi nisa da gari. Na ga allo da sunansa a ƙofa, na ga kekunan ɗinki a jere, na ga ma'aikata suna ce masa "Lawban", wato maigida. Ya ba ni shayi a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na ba da jarina.

Ranar ɗaukar kaya na koma. Ginin yana nan, kekunan suna nan, ma'aikatan ma suna nan. Allon ne kawai babu. Ashe wuni guda ya ari wurin, ya rataya sunansa, ya raba wa mutane sigari su kira shi maigida. Mai wurin na gaskiya ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya girgiza kai. Iyakar abin da zai iya ke nan, kuma na gode masa.

Gida ba ya komuwa a haka. Wani Bamaraɗe, Isufu, wanda muke sahu ɗaya a Masallacin Huaisheng ranar Juma'a, shi ya ba ni gefen ɗakinsa. Wata safiya ya tashe ni da "Patron" ɗinsa na Faransanci, wato maigida.

"Patron, tashi ka wanke ido. Ana neman baƙaƙe goma a wajen fim."

"Ni Isufu? Fim? In wani ya gan ni a Kwari fa?"

"Wa zai gan ka? Kai da kake ta ɓuya. Akwati za ka ɗauka ka wuce, a ba ka abinci da na mota."

Haka muka shiga bas, tafiyar awa ɗaya da rabi, muka sauka a wani wurin shaƙatawa da aka gina don yin fim. Gari ne guda. Ga fadar sarakunansu na da, ga tashar jirgin ruwa, ga lilo da jirgin ƙasan yara a gefe, ga wani dogon titi na tsofaffin gidaje masu tagogin katako da fitilun takarda. Aka sa mana riguna masu faci, aka ɗora mini akwatin da zai kai buhun shinkafa girma, na yunƙura da ƙarfi na kusa faɗuwa ta baya, don babu komai a ciki. Mai fim ɗin ya yi ta ihu wai in riƙa nuna nauyi. Sau goma sha huɗu na wuce gaban kyamara ina nishin ƙarya.

Da aka ba da hutu na zagaya bayan titin neman inda zan yi Azahar. Nan na ga abin da ya tsayar da ni. Gidajen nan duk fuska ce kawai. Bango ɗaya, an tokare shi da ƙarafa ta baya, sai ciyawa da tiyo. Na zauna a kan bulo na yi ta dariya ni kaɗai har hawaye ya zo, daga nan kuma dariyar ta ƙare hawayen bai ƙare ba. Wata tsohuwa mai shara, gajeriya, da malafa da hannun riga na roba, ta tsaya tana kallona. Ta kunna mini tiyon na yi alwala, ta shimfiɗa mini kwali, ta koma can gefe ta ci gaba da shararta. Tun daga ranar ban sake ba da ko kwabo a masana'anta ba sai na zagaya bayanta, na ga inda ake zubar da ƙyallaye, na tambayi mai gadi sunan maigidansa. Da wannan ɗabi'a na tashi. Cikin shekara uku na yi rajistar ɗan ofishina, 'yan Kwari suka fara aiko mini da oda, na ɗauko iyali.

Hadiza ta sha wahalar da ni ban sha ba. Ni ina da kasuwa, ina da masallaci, ina da abokan musu. Ita tana hawa na goma sha tara, ɗaki biyu, taga tana kallon wata tagar. A gida ƙofarta ba ta rufuwa, nan kuwa sai ta yi sati ba wanda ya yi mata sallama sai ni. In sun shiga lif da Ummi, wasu su matsa gefe, wasu su kai hannu su taɓa kitson yarinyar ba tambaya. Da Ummi ta shiga makarantar rainon yara ta unguwa, cikin wata shida bakinta ya juye. Hausa tana ji, amma amsa sai da Sinanci.

Inna ba ta yarda da kiran bidiyo. Ta ce ba a gaishe ta ta gilashi. Murya kawai take ɗauka. Wata rana na kira ta na miƙa wa Ummi, lokacin tana shekara uku, na ce gai da Inna. Yarinya ta kara waya a kunne ta ce, "Wei?" kamar yadda take jin mutanen garin suna amsawa, ta bi da wani dogon zance da Sinanci. Na karɓe wayar ina dariya. Inna ba ta yi dariya ba.

"Kada ka ƙara ba ni ita. In ta iya gaisuwa ta zo ta yi mini a gabana."

Kuma ba ta ƙara karɓa ba. Wanda ya san Inna ya san ba ta maimaita magana.

Ƙaramar Sallar shekarar ita ce ta fi muni. Muka sauko daga Idi, muka gaisa da 'yan uwa a bakin titi, kowa ya ruga kasuwa, don a can ranar aiki ce kamar kowace. Hadiza ta yi tuwo da miyar taushe da kabewar da ta samu, ta yi wa Ummi lalle, ta sa mata atamfa da ɗan gyale. Suka zauna a falo cikin kwalliya. Babu inda za a je. Wajen sha ɗaya na ga Hadiza ta fara cire ɗankunne, tana kallon bango.

Na ce, "Maman Ummi, mayar da shi. Ku tashi mu fita."

"Ina za mu?"

"Inda na taɓa zama ɗan fim."

Ni niyyata su hau lilo su sha iska. Sun hau kuwa. Ummi ta ga masu faɗan takobi suna tashi sama da igiya ta yi ta tsalle, muka shiga wani ɗaki da ake yin ruwan sama na ƙarya da tsawa, Hadiza ta ƙanƙame ni tana salati, rabon da in ji dariyarta irin ta ranar har na manta. Na nuna musu inda na ɗauki akwati, na gwada musu nishin, ta ce in dai haka na yi to kuɗin mutane na ci.

Da muka shiga titin tsofaffin gidaje sai Hadiza ta rage sauri. Tana tafe tana nuna ƙofofi da yatsa, leɓenta yana motsi. Ta juyo.

"Abban Ummi, sha uku ne a wannan jerin. Mu sha ɗaya muke buƙata."

Ban gane ba sai da ta kama hannun yarinyar ta kai ta ƙofar farko, wata koriya.

"Ummi, nan gidan Baba Ɗanladi ne. Yi sallama."

Yarinya ta dube ta. Hadiza ta faɗa mata, ta maimaita. Sai uwar ta juya fuska gefe, ta kumbura murya irin ta Baba Ɗanladi mai kakkaura, ta amsa: "Wa alaikumus salam! Wace ce wannan? A'a, amaryata ce? Me kika kawo mini?" Ummi ta fashe da dariya. Aka ce ta durƙusa, ta durƙusa. Aka koya mata "Ina wuni, an yi Sallah lafiya?" Ni kuma na zura hannu a aljihu na ba ta barka da Sallah a madadin Baba Ɗanladi.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo Asabe mai tambayar ko an ci abinci sau uku kafin ta amsa gaisuwa. Kawu Sale mai tari kafin magana. Anti Bilki da ba ta jin kira sai an ɗaga murya. Hadiza ta iya kowa. Masu yawon buɗe ido suka tsaya suna ɗaukar mu a waya, sun zaci wasan wurin ne. Wani ma ya tambaye ni ƙarfe nawa za a sake.

Ƙofa ta sha ɗaya ja ce, da zoben ƙarfe. Hadiza ta ce nan ne gidan Inna. Ummi ta yi sallama. Hadiza ta ce ita ba za ta kwaikwayi surukarta ba, ba tarbiyya. Ni ma na ce ba zan iya ba. Ƙofar Inna kaɗai ta yi shiru ranar. A bas Ummi ta tambaya, da Hausa, karo na farko cikin watanni: "Inna ba ta nan?"

Da Babbar Sallah muka koma. Wannan karon Hadiza ta ɗauko kwanon samira mai murfi, don yarinya ta saba ba a zuwa hannu rabbana. Ba a shiga wurin da dafaffen abinci, saboda haka kwanon babu komai, ɗauka kawai take a kai tana tafiya a hankali. Na ce ai gado ta yi, ubanta ma da akwati marar komai ya fara.

Muka zo jar ƙofa. Ummi ta yi sallama. Sai muka ji ƙarar sakata. Ƙofar ta buɗe, ga tsohuwar nan mai shara a tsaye, bayanta ciyawa da ƙarafa, ta cire malafa ta gyara gashinta. Ashe wancan karon tana bayan bango tana jin mu, ta ga kowace ƙofa an amsa ban da wannan. Ta dube ni ta yi alamar wanke hannu da fuska, wato ta gane mai alwala. Ta sunkuya ta miƙa wa Ummi alewa biyu masu farar takarda.

Ummi ta durƙusa ta ce, "Inna, ina wuni?"

Hadiza ta dube ni. Na san abin da idonta yake tambaya. Da Sinancin kasuwa da nake da shi zan iya gyarawa a take, in ce wa yarinyar wannan Apo ce, haka ake kiran tsofaffi mata a can, ba Inna ba ce. Amma na yi lissafi irin nawa. Na ga yarinya tana murna, na ga ƙofa ta amsa, na ce a raina samfur ne, in an je gida a ga kaya na gaske. Na ɗaga wa Hadiza kai na ce bar ta.

Shekara huɗu muna wannan zuwa, Sallah biyu kowace shekara. Apo ba ta san lissafin watanmu ba, sai ta karɓi lambata, in Sallah ta matso in aika mata saƙo, ita kuma ta musanya ranar hutunta. Ta koyi cewa "lafiya lau", tana faɗinsa kamar tana tauna gyaɗa. Wata shekarar ta ɗinka wa Ummi 'yar jaka, wata shekarar ta ajiye mata lemo. Tana da jika a wani gari mai nisa da take gani sau ɗaya a shekara, abin da na iya fahimta ke nan. Ummi kuwa tun saura wata guda take fara bita a falo, ta jera takalmana guda sha ɗaya tana gaishe su. Hausarta ta dawo ta ƙofofin nan. Ta san Gwaggo Asabe ƙanwar kakanta ce, ta san 'ya'yan Anti Bilki abokan wasanta ne, ta san a gidan Baba Ɗanladi ba a zama a kan kujera.

Sau ɗaya ne tafiyar ta yi mana nauyi. Kawu Sale ya rasu ana saura wata biyu Sallah. Takardun Hadiza suna wurin sabuntawa, fasfo ba ya hannu, ba ta samu zuwa ko sadakar arba'in ba. Na ce bana a haƙura da yawon, ta ce a'a, za a je. Ba mu gaya wa Ummi ba. A ƙofa ta uku yarinya ta yi sallama, ta jira tarin kakanta. Hadiza ta kasa yin tarin mahaifinta. Na yi sauri na yi tarin na amsa.

Ummi ta ce, "Abba, ba haka yake yi ba. Mama, ke yi."

Hadiza ta durƙusa a gaban ƙofar katakon nan ta ce, "Kaka Sale ya rasu, Ummi. In an zo gidan da aka yi rasuwa, ba a cewa an yi Sallah lafiya da farko. Cewa ake, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa." Yarinya ta faɗa. Muka ɗaga hannu mu uku muka yi masa addu'a a tsakiyar titi, mutane suna ratsa mu da sandunan hoto. Nan Hadiza ta yi kukan da ba ta yi ba a hawa na sha tara. Apo ta fito ta ƙofarta ba a kira ta ba, ta kawo kujerar roba da ruwan zafi a kofi, ta tsaya tana korar masu ɗaukar hoto da tsintsiya.

Ummi ta cika bakwai ana azumi. Na sallami gidan haya, na bar ofis a hannun Isufu a kan zan riƙa zuwa ina komawa, muka sauka Kano ana jajibere. Da gangan na ƙi kai ta wurin Inna a ranar. Na ce a bi tsari, a same ta a ƙarshe kamar kowa.

Yarinyar nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. A Gwammaja ta zauna a ƙasa tun ba a ce mata ba. Da Baba Ɗanladi ya ce amaryarsa ta zo, ta ce masa ya tsufa da yawa, gida ya ɗauki shewa. Ta ɗaga wa Anti Bilki murya. A gidan Kawu Sale ta yi wa kakarta ta'aziyya har matar ta rungume ta. Abu ɗaya ne ya ba ta mamaki. A gidan farko ta saki hannuna ta shige ciki, ta leƙa ɗakuna, ta leƙa madafa, ta dawo da gudu ta raɗa mini, "Abba, wannan gidan yana da ciki!"

La'asar ta yi muka isa Yakasai. Tsakar gida cike da dangi. Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, da carbi, ba ta ko ɗago ba. Ummi ta yi sallama, ta sauke kwano, wannan karon da waina a ciki, ta durƙusa har ƙasa, ta yi gaisuwa tsaf. Inna ta amsa a taƙaice, ta fara jarraba ta. Daga ina kuke? Wa kuka fara gani? Bayan Asabe sai wa? Yarinya ta jero sha ɗaya ba gargada. Na ga bakin Inna ya fara motsi, na ce a raina kaya sun isa lafiya.

Inna ta ce, "To ni wace ce?"

"Ke ce Inna ta nan."

"Ta nan? Akwai wata ne?"

"Eh. Inna ta can. Ita tana buɗe mini ƙofa da kanta, ta ba ni alewa. Ke Abba ya ce ba kya son magana da ni."

Hadiza ta sunkuyar da kai. Inna ta ajiye carbi.

"Kowa ya ba mu wuri. Nasiru, matso."

Na matsa na durƙusa, na faɗa mata komai, tun daga akwati marar komai har jar ƙofa. Ban rage ba, don Inna tana gane ragi. Na ce laifina ne, na ga dama in gyara tun ranar farko ban gyara ba. Ummi tana gefe tana wasa da murfin kwano.

"Musulma ce?"

"A'a, Inna."

"Tana da 'ya'ya?"

"Tana da jika, amma yana nesa."

"Sau nawa ta buɗe ƙofar?"

Na ƙirga na ce bakwai.

"Me kuke kai mata?"

Na ce ai ba a shiga da abinci, kwanon haka nan muke ɗauka.

Nan Inna ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko tun shigowarmu.

"Mace ta tsaya a ƙofata sau bakwai, ta amsa sallamar da ni na ƙi amsawa, ka bar takwarata tana kai mata kwano wayam? A gidan nan ka koyi haka? Ni ba sunan da aka ba ta ne ya dame ni ba. Ta ci sunan, ta yi aikinsa. Kai ne ka kunyata ni."

Ta juya wajen Ummi. "Ke kuma mai bakin tsiya, zo nan. Wa ya ce ba na son magana da ke? Alewar me take ba ki da har kike yi mini gori?" Ta jawo ta jikinta ta kwance bakin zani. Ummi ta ce ta can ta fi zaƙi. Inna ta ce to ta koma can ɗin, tana faɗa tana ƙara riƙe ta.

Bayan sati uku zan koma, Inna ta sa aka yi alkaki da dubulan, ta cika kwanon samirar nan da hannunta, ta ɗaure da sabon ɗankwali, ta ɗora turmin atamfa a kai. Na ce Inna nauyin jakata a ƙayyade yake, akwai samfuran da zan tafi da su. Ta ce in rage samfur.

Na isa wurin ranar Talata da hantsi, ni kaɗai, da kwano a hannu. Masu tsaron ƙofa suka ce abinci meyo. Na kira Apo a waya, ta zo da tsintsiyarta ta yi musu faɗan da ban ji ko rabinsa ba, suka matsa. Titin an sake masa fenti don wani sabon fim, jar ƙofar ta koma baƙa. Ta ce in tsaya a waje. Ta zagaya ta baya, na ji sakata, sannan na yi sallama ta buɗe. Na durƙusa kamar yadda Ummi take yi, na miƙa mata, na haɗa Sinancin da nake da shi na ce daga mai ƙofar ne, ta ce a gode miki. Ta kwance ɗankwalin, ta gutsiri alkaki, ta ce "lafiya lau". Sai ta tambayi yarinya, na nuna mata hotonta a jikin Inna. Ta daɗe tana kallo, ta goge gilashin wayar da hannun rigarta ta miƙo mini.

Na juya zan tafi ta riƙe kwanon ta ce in dawo jibi. Da na dawo na same shi cike da busasshen ɓawon lemo irin wanda suke dafawa don tari, da alewa mai farar takarda a sama. Ashe su ma ba sa mayar da kwano haka nan.

Yau shekara uku ke nan kwanon yana tafiya. Kilo biyu yake ci mini a jaka zuwa, kilo biyu dawowa, kuma murfinsa ya lotsa a hannun masu lodi. Inna tana shan ɓawon lemon tana cewa ɗaci gare shi, in ya kusa ƙarewa kuma ta fara tambayar yaushe zan koma.

In aka ce in yi lissafin tafiyar nan, ga shi. Na yi asarar jarina na farko, na mayar. Hadiza ta rasa ganin mahaifinta, wannan ba ya mayuwa, kuma ni na kai ta. Gidajen da muke shiga sun ragu, Baba Ɗanladi ya bi Kawu Sale, an sayar da gidan, Anti Bilki ta koma wurin ɗanta a Abuja, saura tara. Ummi ta fara manta Sinancinta. Amma bara da Sallah na ji tana jera wa ƙaninta, da aka haifa bayan dawowarmu, gidajen a mota, ta kai tara a Yakasai ba ta tsaya ba, ta ce saura ɗaya, mai nisa, Abba ne yake kai mana kwanon. Da aka gaya wa Inna, ta ce yarinya ta yi daidai, goma ne.